Likita Ya Ba da Umarni, Magani Bai Iso Ba: Jinkirin da Ke Cin Tsofaffi a Gidajen Kula na Amurka

A Amurka, duk gidan kula da tsofaffi da ke karɓar kuɗin gwamnati dole ne ya buɗe ƙofarsa ga masu bincike, kuma abin da suka gano ba a ɓoye shi. Hukumar CMS, wadda ke riƙe da shirye-shiryen inshorar lafiya na Medicare da Medicaid, tana sanya rahotannin a intanet don kowa ya karanta. Wanda ya zauna ya bi su zai ga wani laifi da ke ta dawowa daga wannan jiha zuwa waccan, kusan da kama ɗaya. Likita ya yi zargin cewa ƙwayar cuta ta kama tsoho, ya ce a ɗebi fitsarinsa a gwada, ko a ɗauki hoton ƙirjinsa, ko a fara ba shi magani. Ba a yi ba sai bayan kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci ma sai da aka kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti. Likitan ya yi nasa, maganin ma akwai shi a garin, amma tsakanin bakin likita da bakin majinyaci aka yi asarar sa'o'in da ba sa dawowa.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Irin waɗannan gidaje sun kai kusan 15,000 a ƙasar, mutanen da ke zaune a cikinsu sun haura miliyan ɗaya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta daɗe tana ambaton ƙiyasin cewa a kowace shekara ana samun kamuwa da cuta mai tsanani sau miliyan 1 zuwa miliyan 3 a wuraren kula na dogon zama, kuma waɗanda ke mutuwa sanadiyyar haka za su iya kai wa 380,000. Cutar mafitsara, namoniya, da ruɓar fata ko gyambon kwanciya su ne kan gaba.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya cire daga ransa shi ne ɗaukar gidan kula da tsofaffi a matsayin ƙaramin asibiti. Akwai gadaje, akwai nas-nas sanye da kayan aiki, akwai keken raba magani, amma galibi babu likita a cikin ginin. Dokar tarayya ta ce likita ya duba mazaunin gida aƙalla sau ɗaya a kowane kwana 30 a cikin kwana 90 na farko, daga nan kuma sau ɗaya a kowane kwana 60. Sauran lokacin ta waya ake samunsa. Ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfani ne a waje, mai ɗaukar hoton ƙirji da mota yake zuwa da na'urarsa idan an kira shi, kantin maganin ma yana can wani wuri, sau ɗaya ko biyu a rana yake aiko da kaya. Ita kanta cikakkiyar nas mai rajista, wadda aka horar ta iya duba majinyaci ta yanke hukunci a kan halin da yake ciki, dokar da ta samo asali daga gyaran 1987 ta buƙaci a same ta a gidan na sa'o'i 8 kacal a jere a kowace rana. Sauran sa'o'i 16 ɗin, nas mai ƙaramin lasisi ta wadatar a idon doka.

Mu a asibitocinmu mun san aikin mai jinya. Likita na rubuta takarda, ɗa ko ƙanwa ko jika ya karɓa ya ruga kantin magani, shi zai kai jini ɗakin gwaji, shi zai koma ya karɓo sakamako, shi zai tsaya a kan nas har sai an sa ƙarin ruwa. Tsarin yana da nasa wahalar, talaka ya fi kowa sani, amma yana da mutum ɗaya wanda umarnin likita ya zame masa dole tun daga farko har ƙarshe. A gidan tsofaffi na Amurka babu wannan mutumin. An raba aikinsa gida shida ko bakwai, an ba ma'aikata daban-daban da kamfanoni daban-daban, kowa da nasa yanki, kuma babu wanda agogo ke hannunsa. A ganina nan ne tushen matsalar.

Bari mu bi hanyar da misali, don a ga inda lokaci ke zubewa. A ɗauka wata tsohuwa ce mai cutar mantuwa, ranar Juma'a da rana ta ƙi cin abinci, tana ta barci fiye da yadda ta saba. Mataimakiyar nas da ke yi mata wanka ita ce za ta fara lura, domin ita ta fi kowa sanin yadda take a kullum. Ta faɗa wa nas, amma nas na tsakiyar raba magani ga mutum ashirin ko talatin, ta ce za ta leƙa idan ta gama. Da ta leƙa ta auna zafin jiki, ta kira ofishin likita, aka ce ya tashi, sai likitan da ke jiran kira, wanda bai taɓa ganin tsohuwar ba. Ya kira bayan sa'a guda, ya ce a gwada fitsari da jini, a riƙa auna ta duk bayan sa'o'i huɗu, in ta ƙara tsanani a sake kiransa. Umarni ne mai kyau, babu abin zargi a cikinsa.

Daga nan ake fara tuntuɓe. Umarnin baki ne ta waya, sai an rubuta shi an shigar da shi kwamfuta. Idan ba a sa masa alamar gaggawa ba, kamfanin gwaji zai ɗauke shi a matsayin aikin yau da kullum, mai ɗibar jini sai zagayensa na gaba, wanda a wasu gidajen yana nufin Litinin da asuba. Fitsarin ma ba abu ne mai sauƙin samu ba daga tsohuwar da ba ta iya riƙe shi kuma ba ta gane abin da ake ce mata. Ana iya buƙatar sa mata roba, wannan kuma yana son nas mai lokaci, wani zubin har da ƙarin izinin likita. In an samu fitsarin, dole a kai shi cikin kamar sa'o'i biyu ko a sa shi a firji, a firjin ma kada ya wuce kwana ɗaya. In ya wuce ya lalace, sai a sake daga farko. Ana cikin haka lokacin canjin aiki ya yi, nas ta rana ta miƙa wa ta dare bayanin mutum talatin cikin 'yan mintuna, kuma ta daren wataƙila 'yar haya ce daga kamfanin samar da ma'aikata, yau ta fara taka gidan. Ita ba ta san tsohuwar nan mai surutu ba ce a da, don haka shirunta bai ba ta tsoro ba.

Ko an kai samfurin lafiya, shuka fitsari don a ga ƙwayar da ta tsiro yana cin kwana ɗaya zuwa uku. Sakamako ya fito, ya shigo ta na'urar fakis ko ya zauna a kwamfuta, sai wani ya gani, ya gane muhimmancinsa, ya sake neman likita. Likita ya rubuta magani, sai a aika wa kantin, sai motar kantin ta zo. Idan lokacin ba da magani na dare ya wuce, wata nas za ta rubuta cewa a fara da safe. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan mutane da ya yi niyyar cutar da kowa, kuma jinkirin kowannensu, in an ɗauke shi shi kaɗai, sa'o'i biyu ne ko huɗu. Sai an tara su ake ganin kwana uku.

Me ya sa kwana ukun ke da haɗari haka? Saboda jikin tsoho ba ya yin ƙara yadda na matashi ke yi. Da yawansu cuta na cinsu ba tare da zazzaɓi mai zafi ba. Abin da ake gani shi ne ruɗewa, ko faɗuwa, ko ƙin abinci, ko sakin fitsari ga wanda a da yake riƙewa. Wannan ne ya sa ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka, a jagorarta ta 2008, ta sauko da ma'aunin zazzaɓi ga mazauna irin waɗannan gidaje: digiri 37.8 a awo ɗaya ya isa, ko sama da 37.2 in ya maimaitu, ko ƙarin 1.1 a kan abin da mutum ya saba. Ma'ana, kafin ma a kira likita, cutar ta riga ta yi nisa fiye da yadda ake zato. Idan kuma ta tsallaka daga mafitsara ko huhu ta tayar da jiki gaba ɗaya, abin da likitoci ke kira sefsis, jini ya sauka, ƙoda ta fara gazawa, to lissafin ya koma na sa'o'i. Wani bincike da Dokta Anand Kumar ya jagoranta, wanda aka buga a 2006, ya bi majinyata fiye da 2,000 da jininsu ya riga ya faɗi saboda sefsis, ya gano cewa a sa'o'i shida na farko, kowace sa'a ta jinkirin magani mai aiki tana rage damar rayuwa da kusan kashi 7.6 cikin ɗari. Marasa lafiyan asibiti ne masu tsananin ciwo, kuma binciken da suka biyo baya sun sami alƙaluma ƙasa da haka, amma alƙiblar ba ta canza ba. Jagorar duniya ta yaƙi da sefsis har yanzu tana cewa a ba da magani cikin sa'a ɗaya ga wanda jininsa ya faɗi. A gwada wannan sa'a ɗayar da motar kantin magani da ke zuwa da tsakar dare.

Sai dai a nan maganar ke ɗaukar wani salo, kuma wanda ya tsallake wannan ɓangaren bai yi wa lamarin adalci ba. Gidajen tsofaffi ba ƙarancin maganin kashe ƙwayoyin cuta ke damunsu ba, yawansa ma ya zame musu cuta. CDC ta ce har kashi 70 cikin ɗari na mazauna gidajen suna shan irin wannan magani aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma kashi 40 zuwa 75 na abin da ake rubutawa ko dai ba a buƙatarsa ko ba shi ne ya dace ba. Babban dalili shi ne fitsari. Tsakanin kashi 25 zuwa 50 na tsofaffin mata a waɗannan gidaje, da kashi 15 zuwa 40 na maza, suna ɗauke da ƙwayoyi a fitsarinsu ba tare da wani ciwo ba. In ka gwada za ka samu, in ka ba da magani ba ka warkar da komai ba, sai dai ka jawo gudawa mai kisa da ƙwayar C. difficile ke haddasawa, ka kuma haifar da ƙwayoyin da ba sa jin magani. Shi ya sa tun 2001 masana suka fitar da sharuɗɗan da ake kira na Loeb, mafi ƙarancin alamun da ya kamata a gani kafin a fara magani, kuma daga Nuwamban 2017 doka ta tilasta wa kowane gida ya kasance da tsarin sa ido kan yadda ake amfani da waɗannan magunguna.

Don haka nas ɗin tana tsakanin saƙonni biyu: kada ki yi gaggawar neman magani, kuma kada ki yi jinkiri. Wasu masu gidajen kan fake da saƙo na farko idan an tuhume su da na biyu. Ban yarda da wannan uzurin ba. Likita yana da damar ya ce a dakata, a ƙara wa tsohuwa ruwan sha, a riƙa auna ta duk bayan sa'o'i huɗu, a kira shi in abu kaza ya faru. Wannan jiran shawara ce da aka yanke, kuma aikinsa ya fi na miƙa ƙwaya yawa, domin sai an dawo kan majinyaci sau shida a rana ana rubutawa. Jiran da masu bincike ke samu a takardu wani abu ne daban: umarni na nan a rubuce, gurbin awo babu komai, babu wanda ya kira kamfanin gwaji ya tambaya, babu wanda ya koma wa likita ya ce abin da ka ce a yi bai yiwu ba. Wannan na ƙarshen ya fi ci mini rai. Likitan yana can yana zaton an ɗebi jini, shiru kuma a wurinsa alamar lafiya ce. Da an gaya masa cewa ba za a samu gwajin ba sai Litinin, da wataƙila ya ce a kai ta asibiti yanzu, ko a fara magani daga ɗan akwatin gaggawa da gidajen ke ajiyewa. Kiran minti uku ne, amma sai akwai mai minti ukun.

Wannan ya kawo mu kan yawan ma'aikata, wanda duk inda ka biyo da maganar nan can za ka ɓulla. Tun 2001 wani bincike da CMS ta ɗauki nauyi ya nuna cewa mazaunin gida yana buƙatar kusan sa'o'i 4.1 na kulawar ma'aikatan jinya a rana don a kauce wa cutarwa. Gidaje da yawa ba su taɓa kai wa nan ba. Ga kuma yawan barin aiki: wani bincike da aka buga a 2021 bisa takardun albashin gidajen ya gano cewa a gida na tsaka-tsaki, adadin ma'aikatan jinya da ke tafiya a shekara ya kai kusan kashi 94 cikin ɗari na yawan ma'aikatan. Ga cutar da ake gane ta da canjin hali, wannan babbar asara ce, domin sai wanda ya san ka jiya ne zai gane ka canza yau. Mataimakan nas su ne idon gidan, amma horon da dokar tarayya ta wajabta musu sa'o'i 75 ne kawai, albashinsu na cikin mafi ƙanƙanta a harkar lafiya, kuma maganarsu ba ta da nauyi sosai a gaban na sama da su. Baƙi 'yan ci-rani suna da yawa a wannan aiki, ciki har da 'yan Najeriya da Ghana, kuma duk wanda ke da ɗan'uwa a cikinsa ya san labarin duti biyu a jere da mutum goma sha biyar a hannun mutum ɗaya. Masu gidajen, waɗanda kusan kashi 70 cikin ɗari na kasuwanci ne, suna cewa Medicaid, wadda ke biyan kuɗin kusan shida cikin kowane mazauna goma, ba ta biya abin da zai isa a ɗauki ƙarin ma'aikata, kuma nas ɗin ma babu su a karkara. Akwai gaskiya a ciki. Akwai kuma gaskiya a ƙorafin masu kare haƙƙin tsofaffi cewa wasu kamfanonin suna karkatar da kuɗin zuwa wasu kamfanoninsu ta hanyar haya da kuɗin gudanarwa.

Masu binciken fa? Suna zuwa ba tare da sanarwa ba, bisa doka kada tazarar ta wuce wata 15, suna kuma zuwa idan an kai ƙara. Dokokin da suke aiki da su a fili suke: a yi wa mazauni magani bisa ƙa'idar aiki da tsarin kulawarsa, a samar da gwaji a kan lokaci, a sanar da likita nan take idan sakamako ya fita daga ƙa'ida, a sanar da likita da dangi idan hali ya canza. Amma bincike bayan aukuwa yake zuwa, daga takarda ake karanta shi, kuma mafi yawan laifuffukan ana ajiye su a matakin da ke cewa ba a cutar da kowa ba tukuna, wanda galibi ba ya jawo tara. Gida ya rubuta alƙawarin gyara, ya tara ma'aikata ya yi musu bita, rabinsu kuma kafin shekara ta zagayo sun tafi. Ofishin binciken gwamnati na GAO ya ba da rahoto a Mayun 2020 cewa kashi 82 cikin ɗari na gidajen da aka duba tsakanin 2013 da 2017 an same su da laifin da ya shafi kariya daga yaɗuwar cuta aƙalla sau ɗaya, kusan rabinsu kuma a shekaru masu bin juna.

Ba wai ba a san abin da ke aiki ba. Shirin INTERACT, wanda Dokta Joseph Ouslander ya jagoranci ƙirƙirarsa, ya ba mataimakan nas wata 'yar takarda da za su yi wa alama su miƙa idan sun ga tsoho ya canza, don kada maganar ta tsaya a baki a kan hanya, ya kuma ba nas tsarin abin da za ta tattara kafin ta kira likita. A jihar Missouri, jami'ar jihar ta sanya manyan nas masu zurfin horo na dindindin a gidaje 16 a yankin St. Louis, kuma kai tsofaffi asibiti ba bisa larura ba ya ragu sosai, saboda akwai wanda zai duba mutum a ranar da ya fara canzawa. Ƙananan gyare-gyare ma suna da tasiri: kowane umarni ya zo da wa'adinsa da abin da za a yi in wa'adin ya wuce, akwatin gaggawa ya ƙunshi magungunan da aka fi buƙata don a ba da na farko ba tare da jiran mota ba, kuma a kowane canjin aiki a karanta jerin umarnin da ba a kammala ba da sunan wanda ya karɓe su. Dangi ma suna da abin yi. Doka ta ba mazauni ko wakilinsa damar ganin takardunsa cikin sa'o'i 24, ban da ranakun hutu, kuma kowace jiha tana da ofishin mai karɓar koken mazauna gidajen. Tambayar da ta fi amfani gajeriya ce: ƙarfe nawa likita ya ba da umarnin, kuma ƙarfe nawa aka yi?

Duk waɗannan suna komawa ga samun mutum a wurin. A Afrilun 2024 gwamnatin Biden ta fitar da ƙa'idar da ta wajabta sa'o'i 3.48 na kulawa ga kowane mazauni a rana, da cikakkiyar nas a cikin gini dare da rana. Ko ita ba ta kai ma'aunin sa'o'i 4.1 na binciken 2001 ba, amma da ta rufe sa'o'i 16 ɗin nan da ake iya rasa wanda zai duba majinyaci ya yanke hukunci, waɗanda su ne daren da ƙarshen makon da umarnin likita ya fi kwana a cikinsu. Ƙungiyoyin masu gidajen suka kai ƙara, a Afrilun 2025 wani alƙalin tarayya a Texas ya soke manyan sassanta, sannan a Yulin shekarar majalisar dokoki ta hana aiwatar da ita har zuwa 2034. Yawancin waɗanda ke kwance a gidajen yau ba za su ga shekarar 2034 ba.